Huhun Goro a Ɗakin Haske

Ƙarfe bakwai daidai talho yake ƙara. Kafin lokacin Malam Awwalu ya riga ya share cikin shinge, ya duba man janareta, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya tsaya gaban dogon akwatin ƙarfe yana jira.

"PK soixante-dix, ici Parakou."

"Saba'in na ji."

"Lambobi."

"Shiga, moins dix-huit. Fita, plus dix-sept. Zafi, vingt-quatre."

"An rubuta. Merci, Saba'in."

Shi ke nan. Maganar ba ta kai minti ɗaya. Amma shekara huɗu ke nan wannan minti ɗin ne ginshiƙin yininsa, sauran sa'o'in duk jingine suke a jikinsa.

Ɗakin yana gefen hanyar da ta taso daga Parakou ta nufi Djougou, a kilomita na saba'in, inda ba gari ba ƙauye, sai gonakin doya da itatuwan kaɗanya. Ɗaki ne guda na siminti, ba taga, an kewaye shi da shingen waya. A bayansa akwai 'yar bukkar kwano inda Malam Awwalu yake kwana, da ganga biyu na ruwa, da bishiyar mangwaro da ya tarar a wurin. Direbobin manyan motoci sun san shi da gani, sukan danna masa oda su wuce. Ran Laraba wata Bafillatana kan tsaya ta sayar masa da wagashi, cukun nonon shanu. In ban da wannan, sai ya yi kwana uku bai buɗe baki ya yi wa ɗan Adam magana ba, in ka cire minti ɗayan nan.

Mai muryar da ke kira daga Parakou 'yarsa ce, Rachida. Ita ce 'yar fari, ita ce kuma auta, don ba a sake samun wani ba. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakinsa bai taɓa furta shi ba. In ya zama dole ya ambace ta, sai ya ce "yarinyar nan", ko "'yar wajen Yaya". Tana shekara tara uwarta Saadatou ta rasu, shi kuwa a lokacin yana kan hanya da kayan goro, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Ya ɗauke ta daga Djougou ya kai ta unguwar Zongo ta Parakou, hannun yayarsa Fatimatu Zahra, ya koma hanya. Babu faɗa tsakaninsu, babu wata magana marar daɗi. Abin da ya shiga tsakani shi ne shekara ashirin na gaisuwar salla, a durƙushe, ido a ƙasa, "Lafiya lau" daga nan, "Madalla" daga can.

Yarinya ta yi karatu har ta zama injiniya a kamfanin sadarwa. Shi kuwa gwiwa ta gaza, goro ya koma hannun masu manyan motoci. Yana da shekara hamsin da biyu ya shiga ajin manya a Djougou, ya zauna kan benci tare da mata masu sayar da man kaɗe, ya koyi haruffan boko da lambobin Faransanci. Da aka gina ɗakin kilomita saba'in ana neman mai gadi wanda ya iya karatu, Fatimatu Zahra ce ta kawo masa maganar, ba Rachida ba.

Ranar da aka kai shi wurin, ita ta nuna masa kayan. Tana magana tana kallon akwatin, shi ma akwatin yake kallo. Ta ɗauko guntun zare ta ɗaga a gaban fitila. Gilashi ne, siririnsa kamar gashin jariri.

"Irin wannan ne aka binne a gefen hanya, daga Parakou har Djougou. Maganar mutane, da hotunansu, da takardun asibiti, duk haske ake mayar da su, su bi ta cikinsa. To amma haske yana gajiya, Baba. Duk kilomita goma sha biyar rabinsa yake ƙarewa. Kafin ya iso nan, cikin kashi ashirin da biyar kashi ɗaya ya rage. In ba a taimake shi ba, zai isa Djougou ba a gane abin da yake faɗa."

"To nan zango ne ke nan," in ji shi.

"Zango ne. Sai dai ba a sauke kaya."

Ta buɗe ƙofar akwatin ta nuna masa wani ɗan faranti rufaffe. Ta ce a ciki akwai zare naɗaɗɗe, bai wuce kamu talatin ba, wanda aka cuɗa gilashinsa da wani sinadari mai suna erbiyom. Kusa da shi akwai wata ƙaramar fitila mai ƙarfi, ita suke kira famfo, ko da yake ba ruwa take bugowa ba. Aikinta dare da rana shi ne ta ɗura nata hasken cikin naɗin, ƙwayoyin sinadarin su sha su ƙoshi, su tsaya a shirye.

"Ka ɗauka gida ne cike da mutane, an ciyar da su, kowa ya sa takalmi yana bakin ƙofa. Baƙo ya shigo a gajiye. Bai zauna ba, wucewa yake yi. Yana giftawa sai na farko ya tashi ya bi shi, tafiyarsu ɗaya, takunsu ɗaya, kamarsu ɗaya. Su biyun su gifta wasu biyu, su ma su tashi. Kafin a kai ƙofar fita, baƙo ɗaya ya zama ayari."

"Rakiya," in ji Malam Awwalu.

"Rakiya. Amma 'yan rakiyar ba sa dawowa. Shi ya sa famfo ba ya hutawa, kullum sai ya ciyar da wasu."

Ya tambaye ta ko akwatin yana jin abin da mutane ke faɗa. Ta ce a'a. Na da can sai sun kwance saƙo, sun karanta, sun sake rubutawa. Wannan ba ya buɗe kayan kowa, ƙarfi kawai yake ƙarawa, zagi ne ko addu'a. Ta ce aibinsa ɗaya: wani lokaci ɗan gida yakan gaji da jira ya tashi shi kaɗai, ba baƙo ba dalili, wasu su bi shi. Wannan shi ne surutun da akwatin ke ƙarawa a kan maganar mutane. Kaɗan ne, amma ba a raba shi da shi.

Sannan ta gindaya masa dokoki. Kada ya leƙa bakin zare ko da ya ga kamar babu komai, don wannan haske ido ba ya ganinsa amma yana ƙone ido. Kada ya bar ƙofa a buɗe. Abu na uku, famfo ba ya son zafi, saboda haka kilim, na'urar sanyaya ɗakin, ba a kashe shi. Daga ƙarshe ta nuna masa talhon da ke rataye a jikin akwatin, mai maɓalli ɗaya tak.

"Launuka arba'in ne ke wucewa ta nan, duk na mutane ne, babu mai tsayawa. Akwai na arba'in da ɗaya, shi ba ya shiga naɗin. A nan yake sauka. Shi ne na wannan talho. Kullum ƙarfe bakwai za a kira ka daga Parakou, ka karanta lambobi uku ɗin nan."

Ba ta ce ita za ta kira ba. Washegari da ya ɗauka, sai ya ji muryarta. Daga nan kuma ya gano wani sauƙi da bai taɓa zato ba. A kan wannan layi tana da sunan da bakinsa zai iya faɗa. Parakou. Shi ma yana da nasa.

Da rana, in ya gama 'yan ayyukansa, yakan shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin ya jingina da bango, yana jin gurnanin kilim ta bayansa. Yakan yi tunanin abin da ke wucewa ƙarƙashin ƙasar da yake zaune a kai. Wata na gaya wa uwarta ta sauka lafiya. Wani na yi wa abokinsa tsiya a kan ƙwallo. Duniya guda tana ratsa ɗakinsa kowace daƙiƙa, babu mai yi masa sallama. Bai ji haushi ba. Kakansa mai masauki ne a Djougou, ya sha faɗa cewa mai masaukin kirki ba ya tambayar abin da ke cikin kayan baƙo.

Duk wata uku ma'aikacin kamfanin, Irfan, yakan zo da mota ya duba kaya. Mutum ne mai surutu, ɗan unguwar Ladjifarani ta Parakou, ba ya iya riƙe labari. A zuwansa na ƙarshen Fabrairu ya tarar ɗaya daga cikin kilim biyu ya mutu, ya ce za a kawo kayan gyara. Yana shan shayi a gindin mangwaro ya ce:

"Baba Awwalu, ka ji abin da aka yi a ɗakin hanyar N'Dali? Matsala yau, matsala gobe, shef, babbanmu na ofis, ya gaji. Ya ce a zuba sababbin kaya, a sa kamara, mai gadi ya tafi gida. Yanzu ƙadangaru ne ke gadin wurin."

"Talhon fa?"

"Wa zai ɗauka? Ƙadangare?" Irfan ya yi dariya. "Kai dai ba ruwanka. Ɗakinka ko tari bai taɓa yi ba."

Irfan ya tafi da dariyarsa, maganar ta zauna. Malam Awwalu ba tsoron komawa Djougou yake yi ba, yana da ɗaki a gidan gado, tuwo ba zai gagare shi ba. Amma a Djougou babu ƙarfe bakwai. Can sai dai a koma gaisuwar salla.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Wata Asabar a tsakiyar Afrilu, ya buɗe ƙofa da sassafe sai ya ji iskar ɗakin ba ta mare shi a fuska kamar kullum ba. Kilim ɗin da ya rage yana ta gurnani, amma iskar da yake fitarwa ɗumi ce kamar numfashin saniya. Ya kashe ya kunna. Ya buga gefensa da tafin hannu. Ya sa tabarau ya duba lamba ta uku: trente et un, talatin da ɗaya.

Talho ya yi ƙara.

Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu. Da ya zo ta uku sai ya ji bakinsa ya ce, "Zafi, vingt-quatre." Ashirin da huɗu, irin na kullum.

Ya ji ƙarar kujerarta.

"Saba'in, sake faɗa mini ta ƙarshen."

Nan ne ƙofa ta buɗe masa, ya kuma gan ta a buɗe. Amma mutumin da ya yi shekara sittin ba a kama shi da ƙarya ba, bai san yadda ake janye ta ba.

"Vingt-quatre."

"To," in ji ta. Ba ta ce an rubuta ba. Ta ajiye.

Ya mayar da talhon wurinsa. Sannan ya ce wa kansa, abin da ya rage shi ne ya mayar da ƙaryar gaskiya kafin gobe. Zafi ne dai. In akwai abin da zuriyarsu ta sani a duniya, yadda ake tsare abu mai rai daga zafi ne. Goro daga kurmi yake tasowa, ya yi wata biyu a kan jaki cikin rana, ya isa arewa da ɗanyensa. Ba a yi da kilim ba. Da ganye aka yi, da buhu, da ruwa, da hannun da ya san aiki.

A ƙarƙashin gadonsa akwai buhunan algarara shida, ragowar tsohuwar sana'a, waɗanda ya kasa rabuwa da su. Ya fito da su ya kakkaɓe, ya tsoma a ganga, ya matse kowanne sosai don ya san ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Ya shiga da su ɗaya bayan ɗaya. Ya rufa biyu a sama, ya zagaya huɗu a jiki, ya toshe duk 'yan ramukan da ke ƙofar akwatin ta gaba da ta baya, don a iliminsa ta rami iska mai zafi ke shiga ta ɓata kaya. Ya kawo igiya ya yi ɗaurin huhu, gicciye uku, ƙulli a wuya, irin wanda ubansa ya koya masa a kasuwar Djougou. Ɗan allon lambobin ma ya shige ƙarƙashin buhu. Talhon kaɗai ya bari a waje.

Da ya ja baya ya duba, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Hannunsa bai manta ba. Ya ɗebo ruwa a kwano yana yayyafawa da yatsu, ɗakin ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙen buhu, ƙanshin ƙuruciyarsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ji ƙananan fankokin cikin akwatin sun canza murya, sun koma kuka. Ya ƙara yayyafi. Ya taɓa buhun sama ya ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ya ƙara ruwa. Rana ta take tsaka, sai wani abu ya fara ƙara a ciki, tsit, tsit, tsit, ba ƙaƙƙautawa.

Talho ya yi ƙara. A shekara huɗu bai taɓa yi ba sai da bakwai na safe.

"Baba!" Babu PK, babu Saba'in. "Zafin cikin akwati ya haura sittin, famfo ya kashe kansa. Djougou ta yanke. Me ka sa a jikin akwatin?"

Ya juya ya dubi ɗaurin huhunsa.

"Baba, don Allah. Zafin ɗaki talatin da takwas ne kawai, na ciki ne ya yi tsalle. Wani abu ya toshe masa iska. Mene ne?"

"Buhu," in ji shi. "Jiƙaƙƙe."

Ya ji ta ja numfashi. Ya ji muryoyin maza a bayanta suna Faransanci da sauri, wani talho na ƙara, wani na kiran sunanta, sunan da shi ba ya faɗa.

"Cire su duka, yanzu. A hankali, kada igiya ta ja zaren rawaya. Ka buɗe ƙofar akwatin gaba da baya, ka buɗe ƙofar ɗaki, ka kawo fankarka ta bukka ka saita ta a kai. In ka ga ruwa a kan wani abu kada ka taɓa, ka gaya mini. Kada ka ajiye talhon, bar shi yana lilo, ina ji."

Ƙullin da ya yi alfahari da shi ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa wuƙa. Buhunan suka zube a ƙasa suna tururi. Iskar da ta fito daga akwatin ta doke shi kamar ya buɗe tanda. Fitilun da ya saba gani kore duk sun koma ja. Allah ya taimaka, ruwa bai shiga ciki ba. Ya kawo fanka, ya ɗauki talhon, ya riƙa karanta mata lambar tana sauka, cinquante-huit, cinquante-cinq, ita kuma tana cewa "Na'am" kafin ma ya rufe baki.

A tsakanin lamba da lamba ya ce, "Komai ya mutu, wannan yana magana."

"Na gaya maka shi ba ya bi ta naɗin. Ko famfo ya mutu, shi yana isowa."

Minti arba'in da bakwai Djougou ta yi a yanke. Daga nan fitila ta farko ta koma kore, sauran suka bi ta. Rachida ta ce, "Ya tashi." Ta ce mota na hanya, tun safe aka nemi mai gyaran kilim, sai yanzu aka same shi. Ta ajiye.

Tun safe. Malam Awwalu ya fita ya zauna a gindin mangwaro da wannan kalma. Ya juya ta, ya sake juya ta, kamar yadda ake juya goro ana neman inda sankara ta shiga.

Bayan la'asar motar ta iso. Irfan ne ya fara fitowa, sai mai gyara da akwatin kayansa, sai ita. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon shinge. Irfan ya leƙa ɗaki ya ga buhuna da yankakkiyar igiya, ya riƙe ciki.

"Baba Awwalu! Ƙwarya nawa ke cikin huhun? Fari ne ko ja? Wallahi da ka bari na ɗauki hoto kafin ka kwance. Injiniyoyin Cotonou ba su taɓa ganin irin wannan fasaha ba."

"Ɗaurin dai ba shi da laifi," in ji Malam Awwalu a hankali.

"Ɗauri ya yi! Har Djougou ya ɗaure!"

"Irfan, ça suffit, ya isa," in ji Rachida. "Je ka riƙe wa mai gyara tsani."

Suka rage su biyu. Ya zauna kan buzu, ta zauna kan wani bulo nesa kaɗan, ta gefensa, yadda ba sai sun haɗa ido ba. Wata motar auduga ta wuce ta danna oda, bai ɗaga hannu ba.

"Goro numfashinsa kaɗan ne, Baba," in ji ta. "Sanyi yake so daga waje. Wannan kuwa wutarsa a cikinsa take. Ramukan nan ba na shigar zafi ba ne, na fitarsa ne. Laifina ne, ban taɓa gaya maka ba."

Ya gyaɗa kai. Ba wannan ne ke cinsa ba.

"Kina ganin lambobin daga can."

"Ina gani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Akwatin da kansa yake aiko su, ta layin talhon nan. Suna kan allona dare da rana."

"Yau da safe ma."

"Trente et un," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Da na ce maka buɗe ƙofa ka sa fanka, kada ka taɓa komai, da ba a kai nan ba. Amma in na faɗa, na ce Baba ya yi ƙarya ke nan. Bakina ya kasa. Sai na tafi neman mai gyara."

Ya daɗe yana kallon tururuwa na jan wani busasshen ganye.

"To karatun da nake yi kullum, na mene ne?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. "A takardar aikinka akwai gadi, da shara, da duba mai. Babu karatu. Ni na ƙara."

Bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. A gidansu ba a tambayar irin wannan. Can ta ce dole ta rubuta rahoto, kuma za ta rubuta yadda abin ya faru, da buhunsa da shirunta. Ta riga ta yi magana da shef a hanya. Ya yi faɗa sosai, ya ce takardar gargaɗi ɗaya gare shi, ɗaya gare ta. Amma ba za a cire mai gadi daga nan ba, wurin ya yi nisa da gari, ɓarayin mai ba sa jin kunyar kamara.

Ya kamata ya ji sanyi a ransa. Bai ji ba. Gadin ya tsira, amma abin da ya yi ƙarya don ya tsare shi, shi da hannunsa ya tone shi. Wasan da mutum biyu ke yi, muddin ɗaya bai san wasa ba ne, yana iya shekara ashirin. Yanzu duka biyun sun sani.

Kilim ya tashi kafin magariba. Ta sake durƙusawa ta yi sallama. Ya tsinko mangwaro huɗu ya ba Irfan, ya ce a kai wa Yaya. Ba ta ce sai da safe ba. Ya tsaya a bakin shinge har motar ta zama ɗigo a kan kwalta.

Washegari ya share cikin shinge, ya duba mai, ya wanke hannu har gwiwa. Buhunan suna shanye a kan waya, sun bushe sun ƙandare. Ya tuɓe takalmi, ya sa tabarau, ya tsaya gaban akwatin. Ɗakin ya yi sanyi kamar randa.

Bakwai ta yi. Talho bai yi ƙara ba.

Bakwai da minti biyar. Ya duba igiyar talhon, lafiyarta lau. Fitilu duk kore. Ta cikin naɗin nan ayari na ta wucewa, dubu bisa dubu, kowa da 'yan rakiyarsa. Ya tsaya a shirye kamar mutanen gidan da ta kwatanta masa, an ciyar da su, suna jiran mai giftawa.

Bakwai da minti goma sha biyu, sai wani tunani ya zo masa. Yau Lahadi. Shekara huɗu ana kiransa har ran Lahadi, har ran salla, bai taɓa tambayar kansa wane ofis ne ke sa injiniya ɗaya zama kowace safiya ba hutu ba. Ya hango ta yanzu, kilomita saba'in daga nan, zaune gaban allon da ya riga ya gaya mata komai, hannunta kusa da talho, kunya ta riƙe shi. Jininsa ce. In shi zai iya tsayuwa a nan har azahar, ita ma za ta iya.

Maɓallin nan guda ɗaya, bai taɓa danna shi ba. Ya sa babban yatsa ya danna. Bai gama ƙara ta farko ba aka ɗauka.

"Parakou," in ji shi. "Saba'in ne."

"Parakou na ji."

"Shiga, moins dix-huit. Fita, plus dix-sept. Zafi, vingt-trois." Ya gyara tabarau. "Haka yake a wajenki?"

"Haka yake." Ya ji kamar ta yi murmushi, ko kuwa hanci ta ja, layin bai nuna ba. "An rubuta."

A nan aka saba ajiyewa. Babu wanda ya ajiye. Kilim na gurnani, fankoki na juyawa, ya rasa abin da ake faɗa bayan lambobi.

"An yi ruwa a nan da asuba," in ji ta. "Na fari. Har ya cika kwatar Zongo."

Ya leƙa ta ƙofa. Sama fes take, sai can gabas, ta wajen Parakou, wani ɗan duhu a ƙasa-ƙasa.

"Nan bai iso ba."

"Yana hanya, Baba. Ka kwashe buhunanka daga kan waya."